Mawaƙan da suka rene mu daga nesa: labarin wani tsohon direba daga Garwa

Ni haifaffen Garwa ne, a arewacin Kamaru. A nan na yi aure, a nan na binne iyayena, kuma a nan nake fatan a binne ni. Kakana ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro da kanwa, ya sauka a bakin Binuwai a zamanin da jiragen ruwa ke hawowa daga Najeriya da damina su yi lodin auduga da gyaɗa, zama ya yi masa daɗi, bai sake komawa ba. Mahaifina mahauci ne, ni kuwa mota na bi tun ina saurayi har ƙarfi ya fara ƙarewa. Na ɗauki alƙalami ne domin 'yan'uwanmu na Kano da Zariya da Sakkwato su san cewa a duk lokacin da aka yi rashin wani babban mawaƙin Hausa, akwai wasu mutane a wannan ɓangare na iyaka da suke shiga makoki na gaske, ko da yake ba wanda yake zuwa yi musu ta'aziyya, kuma ba a ambatonsu idan ana lissafin waɗanda aka yi wa rashi.

Wanda bai zauna a garinmu ba zai yi wuya ya gane matsayin waɗannan mutane a wurinmu. A Garwa harshen kasuwa da titi Fulatanci ne, harshen makaranta da ofis Faransanci ne, Hausa kuwa ta cikin gida ce da ta rumfar mahauta da ta masu sayar da goro. Hausar da muka tashi da ita ta aike ce da cefane da gaisuwa, tana isar mutum ya rayu, amma ba ta isarsa ya yi zance mai zurfi ko ya gane habaici idan an yi masa. Sauran Hausar, wato ta kirari da karin magana da zambo da tarihin gidajen sarauta, a bakin mawaƙa muka same ta. Mahaifina yana da wata rediyo mai gajeren zango wadda ya ɗaura wa waya ya rataye a reshen darbejiyar tsakar gida, kuma idan aka idar da sallar isha'i sai ya kamo Rediyon Kaduna, muryar tana zuwa tana ɗaukewa gwargwadon yanayin iska. Idan aka sako Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ba mai motsi a gidan. Hausarsa ta Zamfara tana yi mana nauyi, kotsonsa da 'yan amshinsa suna gudu, saboda haka idan waƙar ta ƙare sai Baba ya rage murya ya shiga yi mana bayani: wannan sarkin wane gari ne, wannan kalmar ga abin da take nufi, wannan baitin da wa ake yi. Ban taɓa zama a ajin Hausa ba, kuma abin da nake rubutawa yanzu rabinsa daga wannan tabarmar na samo shi.

Akwai kuma mawaƙin da yake kusa da mu, wanda muke kira Baba Sarkin Kiɗa. Shi ne makaɗin kalangu na mahautan unguwarmu. Da sassafe, idan an gama fiɗa an fito da nama, shi ke zagaya rumfuna yana kiɗa, matan aure kuma daga cikin gidajensu suke gane cewa nama ya fito, har ma su gane rumfar da aka tsaya, domin kowane mahauci yana da takensa. Zan dawo kansa, saboda labarinsa ne ya fi ci mini rai a cikin duk abin da zan faɗa.

Na shiga tasha a matsayin karen mota a farkon shekarun 1980. Maigidana yana ɗauko kaya daga Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, mu gangaro dutsen nan mai hatsari da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, mu wuce Marwa da Mora da Waza har Kusiri, wani lokaci mu tsallaka Njamena. Aikin karen mota ba wanda ya raina kamar wanda bai taɓa yinsa ba. Kai ne mai ɗaure tamfol, kai ne mai dirowa da gudu ka sa weji idan mota ta tsaya a hawa, kai ne mai kwana a ƙarƙashinta kana gadin kaya, kuma idan taya ta fashe a dajin Waza da tsakar rana, kai za ka kwanta a kan ƙasa mai zafi da jak a hannu. Mutanen gari suna kallonmu a matsayin 'yan tasha marasa mafaɗi. A cikin wannan hali na fara jin waƙar da Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota, kuma ba zan ɓoye ba, na yi mamakin yadda mutumin da sarakuna da gwamnoni ke gayyata ya tsaya ya kalli irinmu har ya ga abin waƙa. Ba yabo ya yi mana ba kawai, ya faɗi halinmu da dattinmu da rigimarmu, amma ya faɗe su a matsayin wanda ya san mu. Daga baya na ji tarihinsa, cewa sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi, kuma kuntigin da ya zagaya duniya da shi ba komai ba ne illa ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Ya yi wa lebura waƙa, ya yi wa talaka da mai kuɗi, ya yi wa ma'aurata nasiha. Shi kaɗai yake tsayawa, ba 'yan amshi, ba taron makaɗa, kuma duk abin da ya faɗa sai ya shiga.

Da na zama direba na samu tawa motar, abu na farko da na saya shi ne rakoda. Kaset-kaset suna shigo mana daga Mubi da Yola, wasu kuma ta Banki daga Maiduguri, kuma yawancinsu an kwafa an sake kwafa har muryar ta dushe. Zafin watan Maris da Afrilu yana lanƙwasa kaset idan aka manta shi a gaban gilashi, ƙura tana cinye kan rakoda, zare yana tsinkewa mu liƙa shi da jan farce mu naɗe da biro. Duk da haka ba direban da zai kama hanyar Kusiri ba tare da Alhaji Mamman Shata a cikin akwatinsa ba. Shata abokin tafiyar dare ne. Waƙarsa ba ta gaggawa, kalangai suna tafe a hankali, amshi yana dawowa a kan lokaci, shi kuma yana zuba magana kamar wanda yake hira da kai a kujerar gefe, ya ambaci garuruwa da mutane, ya yi dariya, ya yi wa wani habaici, ya koma kan wanda yake wa waƙar. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa manoma da sojoji da mata, kuma bai manta da direbobi ba. Na san Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Musawa, garin haihuwarsa, tun kafin ƙafata ta taka ƙasar Katsina, kuma da Allah ya kai ni can daga baya, sunayen da nake karantawa a allunan bakin hanya duk na riga na haddace su.

Rashi na farko da ya taɓa gidanmu shi ne na Ɗanƙwairo a 1991. A lokacin mahaifina ya tsufa, ya bar rumfa ga ƙanena. Da labarin ya zo ta rediyo, ya yi salati, ya ce a kashe, kuma ranar bai ci tuwon dare ba. Na ce masa, "Baba, ai sai haƙuri, dukanmu can za mu." Ya ce, "Na sani, amma wanda zai faɗa wa sarki magana a gaban jama'a sarki ya yi murmushi ya ba shi doki, ya tafi ke nan." Ban gane nauyin maganar ba sai da na ƙara shekaru.

Rasuwar Shata kuwa a Kusiri ta same ni. Ranar Juma'a ce, 18 ga watan Yuni na 1999, muna jibge a filin da manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastam, kafin a tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena. Akwai direbobin Kamaru, akwai na Cadi, akwai na Najeriya da suka zo ta Gamboru. Muna zaune a teburin mai shayi da dare, an kamo sashen Hausa na BBC, sai muka ji an ce Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a asibiti a Kano. Mai shayin yana cikin sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, sai ya ajiye duka biyun a kan tebur. Aka ɗauki salati daga wannan benci zuwa wancan, waɗanda suka kwanta a cikin motoci suka sauko, har Larabawan Cadi da ba su jin Hausa sosai suka matso suna tambayar wane ne ya rasu, da aka faɗa musu suka ɗaga hannu suka yi fatiha, domin su ma sun san muryar. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ba mu da wanda za mu yi wa gaisuwa. A cikinmu akwai wani dattijon direba mutumin ƙasar Katsina, wanda ba shi da wata dangantaka da mamacin illa ta ƙasa ɗaya. Ba tare da an yi shawara ba, sai muka tashi ɗaya bayan ɗaya muna miƙa masa hannu. Na durƙusa na ce, "Maigida, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ya ce, "Amin, na gode, haƙuri ya zama dole," hawaye yana bin gemunsa, ya karɓi gaisuwar mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa kamar shi ne babban ɗan gidan.

A daren an ɗan yi saɓani. Wani matashi ya tashi zai kunna Bakandamiya a motarsa, sai wani malami da ke tafiya tare da mu ya ce a bari, abin da mamaci yake bukata yanzu addu'a ce. Aka bi maganarsa. Muka haɗa kuɗi aka sayo dabino da ƙosai aka raba wa almajirai, aka karanta Ƙulhuwallahu, aka shafa. Washegari muka ji an kai shi Daura an binne shi, kuma da rana ta ɗaga, ba motar da ba ta kunna Shata ba a wannan fili. Har yau ina ganin dukansu biyun sun yi daidai, malamin da matashin, kowanne a lokacinsa.

Na san akwai masu cewa bai kamata musulmi ya yi baƙin cikin mutuwar mawaƙi har haka ba, kuma suna kawo wasu waƙoƙin Shata da ya yi a kan shaye-shaye su kafa hujja. Ba zan ce duk abin da ya fito daga bakinsa abin koyi ne ba, shi ma bai taɓa cewa shi malami ne ba. Sai dai hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, wanda ya fi mu sanin alherin da ya shuka, mu kuma abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu roƙa masa gafara kuma mu faɗi gaskiyar abin da muka amfana da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba ta ba shi digirin girmamawa a 1988 don wasa ba. Mutumin da bai yi karatun boko ba ya tara wa harshen Hausa dukiyar da masu digiri suke ta nazari har gobe.

Ba mawaƙan Najeriya kaɗai muka yi kuka a kansu ba. A 2004 muka rasa Ali Baba, ɗan garinmu Garwa, mawaƙi kuma gwanin rawa, wanda ya ɗauki kiɗan arewa ya kai shi Yawunde da Duwala da Faransa a lokacin da mutanen kudu suke ganin ba mu da abin nunawa sai shanu da auduga. A ranar 1 ga Afrilu na 2006 kuma mawaƙin Cadi Maître Gazonga ya rasu a Njamena. Duk direban da ya yi zirga-zirga a Cadi ya san shi, kuma abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne yadda yake ɗaukar makaɗansa ya shiga ƙauyuka ya yi wasa, wanda ba shi da kuɗin shiga ya kawo dawa ko busasshen kifi ko kaza. Lokacin da cutar korona ta ɗauke shahararren makaɗin Kamaru Manu Dibango a Faransa a watan Maris na 2020, ƙasa gaba ɗaya ta yi jimami, mu ma mun yi, ko da yake kiɗansa ba shi ne na cikin ɗakunanmu ba.

Makokin Hajiya Barmani Coge a 2013 na matan gidanmu ne. Ni ina jin waƙoƙinta a bukukuwa daga waje, amma maiɗakina ta haddace su, kuma ta sha gaya mini cewa kiran da Barmani take yi wa mata su kama sana'a shi ya sa ta fara tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a lokacin da aka karya darajar kuɗinmu na sefa a 1994, kuɗin mota ya daina isar gida. Da wannan man gyaɗar aka biya wa 'ya'yanmu mata kuɗin makaranta. Da aka ce ta rasu a Funtuwa, maƙwabta suka taru a ɗakin uwargida, aka kife ƙwarya ba a buga ba, aka yi addu'a, aka dafa abin sadaka. Na shigo na ce, "Hajiya, ashe an yi rashi." Ta ce, "Alhaji, uwa muka rasa."

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni na 2015, a farkon azumi, kuma a cikin mawuyacin lokaci. Kwana biyar kafin nan bama-bamai sun tashi a Njamena, hanyar Mora zuwa Kusiri ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, iyakar Banki a rufe take, abokan aikinmu da dama sun ajiye mota, wasu kuma sun tafi ba su dawo ba. Na yi niyyar in je Jos in yi wa iyalinsa gaisuwa, domin ina jin yana bina bashi tun ina karen mota, amma hali bai bari ba. Bayan an sha ruwa na tara yaran motar da ke tashar unguwarmu, na saya musu abinci da sunan sadaka gare shi, na kunna musu waƙar da ya yi wa masu irin aikinsu. Yawancinsu ba su taɓa jinta ba. Suka yi ta dariya suna nuna juna, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, wannan mutumin a tasharmu ya zauna?"

Yanzu bari in koma kan Baba Sarkin Kiɗa. Waɗannan manya da na ambata sun tafi, amma muryoyinsu suna nan, ɗana ya kwashe kaset-kaset ɗina ya zuba su a memori, kuma duk wanda yake da waya zai same su a YouTube. Shi kuwa Baba Sarkin Kiɗa ya yi wa mahautan Garwa kiɗa tun kafin a haife ni, ya san asalin kowane gida, ya san wanda kakansa ya zo daga Kano da wanda ya zo daga Bauci ko Zazzau, ya san wanda ya fara riƙe sarautar fawa da yadda ta koma wani gida, kuma duk wannan yana cikin kirarin da yake yi. Ba wanda ya taɓa ajiye rakoda a gabansa. Muna kashe kuɗi mu sayi kaset daga Mubi, ga namu a ƙofar gida muna ba shi tsokar nama da 'yan canji muna wucewa. Ya rasu da damina, 'yan shekaru bayan Shata, kuma waɗanda suka raka shi makwanci ba su cika sahu uku ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda muke ɗaukar masu wannan sana'a. Mahaifina, wanda ya ƙi cin abinci saboda mutuwar Ɗanƙwairo, shi ne ya hana ƙanwata auren ɗan Sarkin Kiɗa, ya ce ba zai haɗa jini da maroƙa ba, alhali yaron yana da natsuwa da sana'ar ɗinki a hannunsa. Allah ya jiƙan Baba, mutumin zamaninsa ne, kuma su ma mahauta haka wasu suke yi musu. Amma sakamakon a bayyane yake: yaron ya bar garin, ya rantse ba zai taɓa kalangu ba, 'ya'yansa ma ba su san kakansu makaɗi ne ba. Muna son waƙa muna ƙyamar mai yinta, sa'an nan idan ya mutu mu ce an yi babban rashi. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma shi ne ya kashe gidajen kiɗa da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere tun kafin kiɗan kwamfuta ya zo a ɗora masa laifi.

Bara na samu labarin cewa ɗaya daga cikin 'yan amshin Sarkin Kiɗa yana raye, ya makance, yana zaune a gidan 'yarsa a bayan gari. Na ɗauki ɗana da wayarsa, muka aro kalangu a wurin masu kiɗan biki, muka je muka gaishe shi. Da farko ya ƙi, ya ce ya tuba ya bar wannan harka, kuma hannunsa ya mutu. Na ce masa, "Kawu, ba rawa muka zo a yi ba, sunayen iyayenmu muka zo nema, kuma in ba a wurinka ba, ba inda za mu same su." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a miƙo masa. Ya rataya kalangun, ya matse tsirkiyoyin da hammata, ya gwada, ya ce fatar ta yi sanyi a sa ta a rana. Da aka dawo da ita ya fara da taken Sarkin Fawa na farko da ya sani, yana yi yana tsayawa yana gaya mana wane ne, ɗan wane ne, a wace rumfa yake zama. Wasu ya tuna su duka, wasu rabi, wasu kuma ya ce sun tafi tare da maigidansa.

Ɗana ya yanka abin da muka ɗauka gida-gida, ya rubuta sunan kowane mahauci a kai, muka tura wa zuriyarsu ta WhatsApp, har waɗanda suke Njamena da Yawunde da Duwala. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba, kowa yana tambaya ko akwai na kakansa, wasu kuma sun aiko wa tsohon da abin sayen magani, ɗaya ma ya ɗauki nauyin kai shi a duba masa idanu. Maiɗakina ta ce akwai wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya a wajen Pitowa wadda ta yi wa matan Hausawan yankin waƙar biki da suna shekaru masu yawa, kuma an ce jikinta ya fara rauni. Mun aika wa 'ya'yanta sun amince, za mu je ranar Lahadi idan kasuwar garin ta ci, ita Hajiya ce za ta shiga ɗaki da wayar tunda mu maza ba za mu shiga ba.